Ƙusa Shida a Filin Kalgo

Ran sadakar arba'in ɗin Malam Gado, bayan an shafa fatiha mutane sun fara neman takalmansu, ku samarin ƙungiyar ƙwallon Kalgo kuka tare ni a ƙofar zaure. Mustafa, mai tsaron ragarku, shi ya yi magana da yawunku. Ya ce, "Baba Bajamushe, tunda Malam ya rasu kai za ka karɓi usur. Hanyar Jamus kawai za ka nuna mana. Ƙwallo ai mun iya."

Na ce zan yi shawara. Ba na iya doguwar tsayuwa, kuma ba na iya doguwar magana a gaban mutane, shi ya sa na rubuta muku amsata.

Sunana Haliru, a Gwandu aka haife ni. Shekara uku na ci abinci da ƙwallo a Jamus, a wani kulob na rukuni na uku, ina tsaron baya, lamba biyar. Saura kwana kaɗan in sa hannu a takardar wani kulob na rukuni na biyu na rasa gwiwata ta hagu, a filin nan da kuke atisaye kullum. Kun san ɗingishin. Yadda aka yi na same shi ne ba ku sani ba, domin waɗanda suka sani ba sa son maganar.

Aikin farko da Malam Gado ya ba ni babu ƙwallo a cikinsa. An kawo ni Kalgo wurin gwaggota don in yi sakandare, shi kuma malamin firamare ne mai horar da ƙungiyar gari da yamma. Na je na ce ina son wasa. Ya miƙo mini karan dawa da bokiti. Ya ce in fara daga tutar kusurwa, in bi filin layi-layi kamar mai shuka, in tsince ƙaya da tsakuwa da fasassun kwalabe. Duk tsagar ƙasar da karan ya shige, in ɗebo yashi in cike ta in take da dunduniya. Filin Kalgo a bakin fadama yake, ƙasarsa baƙar laka ce. Da damina tana riƙe ƙafa kamar danƙo, da rani ta bushe ta tsattsage, wata tsagar hannun mutum na shiga har wuyan hannu. Wata biyu ina wannan aiki, sauran yara suna buga ƙwallo suna kirana ɗan kwangilar yashi.

Da na gaji na tambaye shi yaushe zan fara koyon wasa. Ya ce, "Ka fara tun wata biyu. Wanda bai san ƙasar da zai taka ba, mi zai buga?"

Bayan yashi sai ɗinki. Ƙwallo biyu ƙungiyar ke da su, duka na fata, kuma duk mako sai ɗaya ta fashe. Ya koya mini farke layi ɗaya, in zaro robar ciki, in nemo hudar a cikin kwanon ruwa, in like, in mayar, in ɗinke da basilla da zaren da aka goga wa kakin zuma. Ɗinkin ƙarshe daga waje ake yin sa, kuma in ƙullin ya fito zai yanke goshin mai sa kai. Daga nan ya rataye ƙwallo a reshen darbejiya, ina tsalle ina sa mata goshi har idona ya daina rufewa in ta taho. Sai a shekara ta biyu ya tsayar da ni a baya, ya ce kada in kalli ƙafar ɗan gaba, ƙafa tana ƙarya, in kalli ƙugunsa. Inda ƙugu ya karkata can mutum zai bi. Tun ranar bai ƙara kirana da sunana ba sai Lamba Biyar.

Duk wannan da takalmin roba muka yi shi, irin wanda makiyaya ke sawa, mai ƙananan haƙora a ƙasa. Yana ƙona ƙafa da rana, yana wari, amma a busasshiyar ƙasa yana sakin mutum ya juya. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ba zan ja ku da labarin tafiya ba. Daga Kalgo aka ɗauke ni ƙungiyar jiha, daga nan wani kulob a kudu, a can wani Bature mai neman 'yan wasa ya gan ni. Mu uku ya kai gwaji, ni kaɗai aka riƙe, kuma ban fi sauran biyun iya taɓa ƙwallo ba. Na fi su tsayawa inda aka ce in tsaya.

Ranar da na fara atisaye a Jamus, wanda ya fara kama ƙafata ba koci ba ne, mai kula da kayan kulob ne, wani dattijo mai gajeren wuya da nake kira Tsoho. Ya zaunar da ni a benci, ya auna ƙafata, ya kawo takalma biyu. Ɗaya mai haƙoran roba gajeru masu yawa, na busasshen fili. Ɗaya mai ƙusa shida na ƙarfe, huɗu a gaba biyu a dunduniya, waɗanda ake ɗaurawa a kuma kwance su da ɗan mabuɗi, na jiƙaƙƙiyar ciyawa. Yana da akwati mai gida-gida, kowane gida da tsawon ƙusarsa, mabuɗin kuma a rataye a wuyansa. Lokacin ba na jin Jamusanci ko kalma ɗaya. Ya ɗauki mai ƙusar ƙarfe ya nuna ciyawa ya gyaɗa kai, ya nuna simintin ɗakin ya kama gwiwarsa ya murɗa ta da hannu biyu. Na gane.

Ranar wasa kuwa, tun kafin 'yan kallo su shigo, sai na ga Tsoho ya fita fili shi kaɗai yana tafiya layi-layi, yana danna mabuɗin nan a ƙasa yana duba zurfin da ya shiga. Na tsaya ina kallonsa. Na ƙetare teku na tarar da Malam Gado da farar fata.

Kuna ganin minti casa'in a talabijin kuna zaton shi ne aikin. Aikin shi ne sauran kwana shida. Kowace safiya a hau sikeli, a rubuta nauyinka. Gudu cikin daji da sanyin da ke sa haƙora ciwo. A tsayar da ku ku huɗu na baya, a ɗaura muku igiya ɗaya a ƙugu, ku yi gaba tare ku yi baya tare, awa guda, babu ƙwallo. In an ce ƙarfe tara, wanda ya zo tara daidai ya makara. Da azumi na yi wasa da bakina a bushe, rana kuma ba ta faɗuwa da wuri a can. Bayan kowane wasa a zauna a kalli hotonsa, a tsayar daidai inda ka yi kuskure, a bar fuskarka a bango kowa na kallo har koci ya gama magana. A bayanka kuma kullum akwai wani yaro ɗan ƙasar, mai shekara goma sha tara, yana jiran ka yi tari.

Ɗan ƙwallo ma yana da masu ciniki. Namu a can ma'aikatan masana'antar garin ne da iyalansu. Suna zuwa ko ana ruwa, su tsaya a bayan raga da mayafan wuya masu launin kulob. Akwai wata tsohuwa da ba ta taɓa faɗin sunana daidai ba, amma ba ta taɓa fashin kiransa ba. In mun ci, mai gidan burodi ya ƙara mini ɗaya. In an ci mu, ya miƙo mini nawa yana kallon bango. Cinikinsu a fili yake, ran Asabar ka ba su abin da suka zo gani, sauran kwanaki jikinka naka ne. Masu cinikin gida daban suke. Su ba tikiti suke saye ba, sun goya ka, sun yi maka kaciya, sun raka ka tasha. Ba a koya mini yadda ake ce musu a'a ba, a Kalgo ko a Jamus.

Wasan da ya ɗaga ni an yi shi ne cikin ruwan sama, a shekarata ta uku. Abokan karawarmu suna da lamba tara, dogo, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a rukunin. Kafin hutun rabin lokaci na zame sau biyu, ɗaya saura kaɗan ya ci. Muna shiga ɗaki Tsoho ya durƙusa ya cire mini takalman ba tare da ya tambaye ni ba, ya kwance ƙusoshin dunduniya ya ɗaura waɗanda suka fi su tsawo. Da muka koma ban ƙara zamewa ba. Na bi ƙugun mutumin nan har aka tashi, bai samu juyawa ya fuskanci raga ko sau ɗaya ba. Ashe akwai mutanen wani kulob na rukuni na biyu a cikin 'yan kallo. Bayan mako uku aka gama magana: in an dawo daga hutun sanyi likitansu zai duba ni, in sa hannu na shekara uku.

Hutun kwana goma ne, kuma shekara uku ban ga mahaifiyata ba. Kafin in tafi kocinmu ya kira ni ofis ya tuna mini abin da ke cikin takardata, cewa ba ni da izinin buga wasa ko'ina ba da sanin kulob ba. Ya ce, "Ka huta. Ko a tsakar gida kada ka taɓa ƙwallo." Na ce to. Takalmi ɗaya na sa a jaka, mai ƙusar ƙarfen nan, domin Kawu Dikko ya ce a waya in zo da takalmin da na yi nasara da shi mutane su gani. Don kallo na ɗauko shi. Mabuɗin ma yana can a wuyan Tsoho.

Kawu Dikko yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe gidanmu tun rasuwar mahaifina. Ya sa aka ɗora takalmin a faranti a zaure. Kwana biyar mutane suna shigowa gaisuwa, kowa sai ya ɗaga shi ya taɓa ƙusoshin da yatsa. Kullum ina cewa gobe zan je Kalgo in gaida Malam Gado, kullum zauren a cike.

A rana ta biyar, bayan azahar, Kawu ya sallami mutane ya ce in matso.

"Gobe Gwandu na da wasa da Kalgo, can wurinsu. Shekara uku suna cin mu."

"Allah ya ba da sa'a, Kawu. Zan je kallo."

"Kallo? Minti ashirin za ka yi muna. Su gan ka cikin rigar Gwandu, shi ke nan."

"Kawu, na sa hannu a takarda. An hana ni."

"Takardar tana Jamus, kai kana Gwandu. Wa zai kai masu labari?"

Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Na riga na faɗi a masallaci. Mutanen Malisa da Dodoru sun kama mota."

Maganar ta ƙare a nan. In kun ce da ku ne da kun ƙi, ban ƙaryata ku ba, amma ku jira ranar da wanda ya ciyar da uwarku zai ce ya riga ya faɗi a masallaci.

Mun isa Kalgo bayan la'asar. Ban taɓa ganin mutane haka a filin ba, har kan katangar makaranta da rassan darbejiya. Tun daga mota aka kewaye ni, wannan ya ja hannu, wannan ya taɓa riga. A rayuwata ban taɓa shiga wasa ban taka filin ba sai ranar. Ina zaune a benci ina ɗaure igiyar takalmi na ga mutane suna buɗa hanya. Malam Gado ne ya ƙetaro daga ɓangaren Kalgo, usur a wuya, baƙar leda a hannu. Na miƙe zan durƙusa ya riƙe kafaɗata.

"Lamba Biyar. Ka taka filin?"

"Ban samu ba, Malam."

"Ɗaga ƙafa in gani."

Na ɗaga. Ya duƙa ya danna ƙusar dunduniya da babban yatsa.

"Wanga na ƙasar ruwa ne. Bana fadama ta janye da wuri, filin ya tsage, yashin da munka samu bai kai gefen yamma ba. Cire." Ya miƙo ledar. "Da safe na saya a kasuwa. Arba'in da uku, in ƙafarka ba ta ƙara ba."

Na leƙa ciki. Takalmin roba ne sabo, an ɗaure ƙafa biyun da zare.

Ɗanjuma mai rake, wanda ya fi kowa baki a magoya bayan Gwandu, yana tsaye a kaina. Ya leƙa shi ma, ya juya ya faɗa wa jama'a, "Kun ga dabarar Kalgo? Tun ba a busa ba suna son su tuɓe muna soja. Takalmin bin shanu sunka kawo mashi."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce a haɗa masa da sanda da goran nono. Wani ya ce a bincika ledar, ƙila an yi tofi a ciki. Kawu Dikko ya matso ya ce, "Malam, da girmanka. Yau kai na Kalgo ne. Koma wurin yaranka, mu ma mun san abin da muke yi."

Malam bai kalli ko ɗayansu ba. Ni yake kallo. Ya ce, "Haliru, ko ka cire ko ka zauna. Ni ban da wata ƙungiya a kan ƙafarka."

Shekara goma rabon da in ji sunana a bakinsa. Na san gaskiya ya faɗa, ba sai an gaya mini ba, da hannuna na cike tsagar filin nan wata biyu. Amma mutane sun biya mota daga Malisa don su ga takalmin Jamus, Kawu yana tsaye, kuma mai ba ni shawarar kocin abokan hamayya ne a gaban kowa. Na ce, "Malam, minti ashirin ne kawai."

Ya ɗan jima da ledar a miƙe. Sannan ya maƙale ta a hammata ya koma.

Gwandu ta faɗi zaɓen gefe, aka ba mu ragar yamma. Minti goma na farko na yi ta lallaɓawa kamar mai tafiya a kan kwanon rufi, ƙusoshin ba sa shiga ƙasa, a kansu nake tsaye. Sai aka jefo wa wani ɗan gajeren ɗan gaban Kalgo ƙwallo ya taho mini da gudu. Jiki ba ya tuna alkawari, abin da aka koya masa yake yi. Na kalli ƙugunsa, na ga ya karkata dama, na kafa ƙafar hagu na juya da dukkan nauyina. Ƙusoshin dunduniya biyu suka faɗa cikin tsaga suka kama. Jikina ya juya, ƙafar ba ta juya ba. Na ji ƙara a cikin gwiwar kamar an karya ɗanyen rake. Babu wanda ya taɓa ni, don haka alƙalin wasa bai busa ba. Yaron ya wuce ya ci.

A bayan wata motar ɗaukar shinkafa aka kai ni Wurogauri wurin Baba Sambo maɗori. Ba na ɗora masa laifi, mutum ne da ya san iyakar aikinsa. Ya bi ƙafar da yatsu daga cinya har idon sawu, ya ce, "Ƙashi lafiya lau." Nan take ɗakin ya ɗauki hamdala. Ya ƙara da cewa, "Amma abin da ya lalace shina ciki, inda hannuna bai kai. Ku kai shi asibiti." Wannan rabin babu wanda ya ji. A wurinmu in ƙashi bai karye ba targaɗe ne, targaɗe kuwa man shanu da kwana uku.

Malam Gado ya biyo mu a kan babur. Daga bakin ƙofa ya ce a wuce da ni Sakkwato yanzu, kada in taka ƙafar. Kawu ya ce asibiti za su rubuta suna a takarda, takarda kuma tana da ƙafa, za ta iya kaiwa Jamus. Aka mayar da ni Gwandu. Kwana huɗun da suka rage na yi su da ɗaurin tsumma, kuma don kada a ce Kawu ya jawo mini, kowace salla sai na taka zuwa masallaci ina murmushi. Sau biyu gwiwar ta gurɗe a hanya, na dafa bango har ta koma.

Da na koma Jamus, likitan sabon kulob bai ɗauki minti biyu ba. Ya kwantar da ni, ya riƙe cinyar da hannu ɗaya, ya jawo ƙwaurin da ɗayan. Ƙwaurin ya taho gaba kamar aljihun tebur. Ya tambayi yaushe, na ce santsi ya kwashe ni a matakala. Hoton na'ura ya nuna jijiyar da ke riƙe gwiwa ta tsinke, guringuntsin kuma ya yage wuri biyu. Ya ce jijiya ana gyara ta, mutane da yawa sun koma wasa. Guringuntsin ne matsala, kuma ba faɗuwar ce ta yaga shi ba, tafiyar da na yi a kai bayan faɗuwar ce.

Washegari na je kulob ɗinmu. Tsoho ya riga ya buɗe jakata don ya wanke takalmin. Ya kawo shi ya ajiye a benci kusa da ni. Ƙusoshin dunduniyar hagu sun lanƙwashe, baƙar lakar Kalgo ta bushe a gindinsu. Ya ce, "A kan siminti ka yi wasa?" Bai faɗa wa kowa ba. Ni na ɗauki takalmin na shiga ofishin koci na faɗi komai.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ka san ƙasar a bushe take?"

"Na sani."

"Ka san aikin wannan ƙusa?"

"Na sani."

"Babu wanda ya hana ka?"

"Akwai."

"To me ya sa?"

Lokacin ina jin Jamusanci sosai, amma ban sami yadda zan ce kawuna ya riga ya faɗi a masallaci ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce muguwar shekarata. Sabon kulob ya janye a cikin mako. Namu sun yi mini adalcin da ban cancanta ba, suka bar ni a yi mini aiki, suka riƙe ni har takardata ta ƙare. Wata biyu a kan sanduna. Daga nan tafiya cikin ruwa, keken da ba ya zuwa ko'ina, ɗaga ƙafa da jakar yashi sau ɗari kowace safiya, a ɗaki ɗaya da tagar da ke kallon fili. Yaron nan mai shekara goma sha tara ya sa lamba biyar, kuma ya iya. Da takardar ta ƙare koci ya ba ni hannu, Tsoho ya ba ni mayafin wuya na kulob. Na gwada wata ƙaramar ƙungiya ta ƙauye, da rana ina lodin kwali a wani sito, da yamma atisaye. Duk wasa ɗaya gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya, sai an zuƙe ruwan da allura. A wasa na bakwai wani mai tumbi, direban motar gari, ya wuce ni sau uku. Na ga inda ƙugunsa ya karkata duk sau ukun. Ƙafar ce ba ta je ba. Izinin zamana a kan wasa yake, da wasan ya ƙare shi ma ya ƙare.

Na dawo Gwandu ina da shekara ashirin da shida. Albasa nake nomawa, kun sani. Kawu Dikko ya rayu shekara tara bayan haka, bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ɗanjuma har yau in na wuce sai ya ɗaga rake ya ce Bajamushe, kuma da zuciya ɗaya yake faɗi.

Malam Gado kuwa muna haɗuwa wurin jana'iza ko suna. Ya ce, "Lamba Biyar, ya ƙafa?" In ce, "Da sauƙi, Malam." Shekara ashirin ba mu wuce haka ba. Sau da yawa na hau mota zuwa Kalgo da niyyar in ce masa ya yi gaskiya, in na isa sai in gaishe shi in tambayi iyali in dawo. Ina ganin akwai lokaci.

Ga amsata. Hanyar Jamus ba ni da ita, wadda na bi ta rufe tun kafin a haifi wasunku, kuma a cikin duk waɗanda na san sun tafi ban san wanda ya dawo da abin da ya je nema ba. Usur ɗin Malam ba zan rataya ba, ku ba wanda ya ji maganarsa. Abin da zan iya shi ne ran Asabar da hantsi zan zo filin da karan dawa da bokiti, domin na duba gefen yamma ranar sadaka, tsagewarsa ta fi ta da. Kada ku zo da ƙwallo. Na san yawancinku ba za ku zo ba, ban kuma ce wanda ya zo zai je ko'ina ba.

Bayan kun tafi ran nan, Inna Hajo, matar Malam, ta aiko in shiga ciki. Tana zaune a tabarma cikin takaba. Ta jawo wani ƙulli daga bayanta ta tura gabana.

"Ya ce in ba ka. Cikin akwatinsa yake tun shekarar nan. Na sha ce mashi ya ba wani yaro ya mora, sai ya ce mai shi bai karɓa ba tukuna."

Ledar ta rududduge, an naɗe ta da tsohon rawani. Zaren da aka ɗaure ƙafa biyun da shi a kasuwa yana nan. Na yi godiya na fito. Sai da na isa gida na zauna a bakin gado na tsinke zaren na sa.

Arba'in da uku. Ƙafata ba ta ƙara ba.